Bayanan Kiran Waya: Shekara Biyu Ta Isa, Idan An Yi Aiki Da Ita

Duk lokacin da ka buga waya, kamfanin layinka yana rubuta lambar da ka kira, da lokacin kiran, da tsawonsa, da turken sabis ɗin da wayarka ta kama, har da lambar IMEI ta ita kanta wayar. Ba muryarka ake adanawa ba, amma wannan sawun kaɗai kan isa a gane inda mutum yake da wanda yake hulɗa da shi.

A Najeriya, sashe na 38 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ya wajabta wa kamfanonin sadarwa ajiye irin waɗannan bayanai, da na masu layi, har tsawon shekara biyu. A Amurka, hukumar sadarwa ta FCC wata 18 ta gindaya kan bayanan kuɗin kira. Tarayyar Turai ta taɓa sanya wata shida zuwa shekara biyu a 2006, amma kotunta ta soke dokar a 2014 saboda ta keta sirrin jama'a. Ke nan wa'adinmu ba gajere ba ne.

To, me ya sa masu garkuwa da mutane ke cinikin kuɗin fansa ta waya, su kira yau su kira gobe, ba tare da fargaba ba? Tun Disambar 2020 gwamnati ta tilasta haɗa layi da lambar NIN, talakawa suka sha dogon layi a rana, aka rufe layukan waɗanda ba su haɗa ba. Alƙawarin shi ne tsaro. Iyalan da suka sayar da gona suka biya fansa suna da haƙƙin tambaya: ina amfanin bayanan?

A ganinmu, matsalar ba ta tsawon ajiya ba ce, ta saurin nema ce. Inda waya take a daren jiya na iya ceton rai. Inda take watanni shida da suka wuce, sai dai ya taimaka a kotu. Kuma shari'o'inmu kan ɗauki shekaru. Idan mai bincike bai nemi a killace bayanan tun farko ba, alhali dokar ta ba shi wannan dama, wa'adin zai cika, shaidar ta ɓace.

Akwai kuma ɗaya gefen. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki ya kare sirrin hirar waya. Duk da haka, a 2020 ƙungiyar kare 'yan jarida ta CPJ ta bayyana yadda 'yan sanda suka yi amfani da bayanan kira wajen kama 'yan jarida. Wuƙar da aka wasa don ɓarawo bai kamata ta koma kan mai gida ba.

Don haka muna kira ga Majalisar Tarayya da hukumar NCC kan abu uku. A samar da hanyar gaggawa ta neman bayanai cikin sa'o'i idan rai na cikin haɗari. A wajabta umarnin alƙali a sauran buƙatu. Sannan kamfanoni su riƙa wallafa adadin buƙatun da suka samu duk shekara, su kuma goge bayanan idan wa'adi ya cika, bisa tanadin Dokar Kare Bayanai ta 2023.

Kai kuma mai karatu, idan an yi maka barazana ko damfara ta waya, kada ka goge lambar ko saƙon. Rubuta rana da lokaci, ka kai rahoto da wuri, ka nemi mai binciken ya rubuta wa kamfanin. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe.