Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Majami'un Jos

Iyayenmu cikin Ubangiji,

Tun rikicin Satumban 2001 nake zuwa taron addu'ar zaman lafiya. Akwai wata baba da ke zama a bencin gabana. Ɗanta ya fita kasuwa a makon rikicin bai dawo ba. Duk da haka in ta durƙusa, bakin zaninta jiƙe da hawaye, garin nan kaf take roƙa wa salama, ba ta ware wata unguwa.

Abin da ke damuna, wani lokaci mai wa'azi yakan karɓi makirufo ya juya addu'ar ta koma kiran wuta a kan maƙwabta. Matasa su fito zuciya na tafasa. Don Allah ku tsawata, bakinku ne ake ji.

Ku tuna matan Laberiya a 2003, lokacin da ƙasarsu ke cikin yaƙi. Leymah Gbowee ta fara tara su a majami'a, mata Musulmi suka shigo, duka suka sa fararen kaya suna zaman addu'a kusa da kasuwar kifi ta Monrobiya, rana da ruwan sama. Har Akara suka bi masu sulhu, suka tare ƙofar zauren, kuma a watan Agusta aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya.

Roƙona, a taro na gaba ku gayyaci limaman Gangare da Unguwar Rogo, ku ba gwauraye da marayun ɓangarorin biyu kujerun gaba. Ni zan zo da wuri in share harabar, in jera bencuna.

Ɗiyarku cikin bangaskiya.