Dandalin Sada Zumunta Da Koyar Da Turanci

Kowace shekara in sakamakon jarrabawar WAEC da NECO ya fito, kuka ɗaya muke ji daga iyaye, watau yaro ya ci lissafi da sauran fannoni, amma Turanci ya kā da shi. Wanda kuwa bai ci Turanci sosai ba, ƙofar jami'a a rufe take gare shi. Saboda haka ya kamata mu duba gardamar da malamai ke yi yanzu, ko ya dace a sa dandalin sada zumunta cikin aikin koyar da wannan harshe.

Mu fara da asalin ciwon. Harshe da kunne da baki ake koyonsa. A Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, an mai da hankali ƙwarai ga lafazi, shi ya sa irin su Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa suka fito da Turancin da ya ba duniya sha'awa. Amma fa su 'yan kaɗan ne a aji. Yau malami ɗaya ke gaban yara tamanin, darasi kuwa minti arba'in. In an raba, kowane yaro rabin minti zai samu. Ina zai buɗe baki, balle a gyara masa bambancin p da f, wanda ke wahal da Bahaushe?

To, a nan ne wayar hannu ke da amfani. An kafa Facebook a 2004, YouTube a 2005, WhatsApp kuma a 2009, ga su duk sun shiga gidajenmu. Da aka rufe makarantu cikin watan Maris na 1920 da ɗari, watau 2020, saboda annobar korona, malamai da yawa ta WhatsApp suka riƙa aika darasi. Malami yana iya tara ajinsa a zaure guda, ya karanta ɗan labari da muryarsa ya aika. Kowane ɗalibi ya saurara sau nawa ya ga dama, sa'an nan ya karanta nasa ya mayar. Mai jin kunyar magana gaban jama'a ya sami sarari. Wanda kuma ya san abokansa za su karanta abin da ya rubuta, lalle zai ƙara lura da alƙalaminsa.

Amma kada mu ruɗi kanmu. Turancin da ke yawo a waɗannan wurare yawancinsa gurɓatacce ne, kalmomi a guntule, ba aya ba waƙafi. Yaron da ya saba da shi, da shi zai shiga ɗakin jarrabawa. Ban da wannan, ba kowane gida ke da babbar waya ba, ga kuɗin data, ga rashin wuta. In aka sa aikin ya zama dole, an zalunci ɗan talaka da ɗan ƙauye. Kamfanonin kuma da kansu sun hana wanda bai kai shekara 13 ba shiga, don haka wannan ba maganar 'yan firamare ba ce.

Shawarata ita ce a fara daga kwalejojin horon malamai, inda muke. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A koya wa ɗalibin NCE yadda zai tafiyar da irin wannan zaure: a rubuta cikakkiyar jimla, a sa lokacin buɗewa da na rufewa, a nemi yardar iyaye, kada kuma malami ya keɓe da yaro ko yarinya cikin saƙo. Wanda ba shi da waya a haɗa shi da abokai su saurara tare a makaranta.

Iyaye kuma, in kun ga yaro da waya ya ce darasi yake yi, ku ce ya nuna muku abin da malam ya aiko, da gyaran da ya yi masa. In babu gyara, hira ce kawai ake yi. Allah ya sa mu gane.