Remot ɗaya, motoci biyu: ku daina kiran wannan wayewa

1/ Wannan yayin na "a haɗa min remot ɗaya ya riƙa buɗe motocin gidanmu biyu" ya ishe ni haka. Mutum ya tsaya tsakar gida ya danna, motoci biyu su yi ƙyaf-ƙyaf tare, a kwamen ana ta "kai, ka waye". Ni ɗan Sheme ne, kuma na ce ganganci ne. Zare ne, ku gyara zama 🧵

2/ Kar wani ya zo yana cewa ai ba ya yiwuwa. Yana yiwuwa. Remot bai san mota ba, mota ce ke haddace remot. Kowane remot da lambarsa, kwamfutar motar kuma tana ajiye lambobin da ta yarda da su. In an koya wa motoci biyu lamba ɗaya, duka za su amsa.

3/ Amma da sharaɗi. Motocin da aka yo wa kasuwar Amurka yawanci remot ɗinsu na kan megahaz 315, na Turai kuma 433. Corollar Amurka da Golf ɗin Beljiyam ba za su ji yaren juna ba. Ko kamfani ɗaya ne sai remot ɗin ya zama iri ɗaya. Juya bayan naka, in na Amurka ne za ka ga lambar FCC ID.

4/ Masu motar da ake danna maɓalli ta tashi, ku ma ku huta. Da yawan irin wannan makullin in ya yi rajista da mota ɗaya ya kulle kansa da ita.

5/ Yanzu ga hujjar da ake kawo min, kuma ba zan yi mata dariya ba. Ana cewa: a yankinmu, Faskari, Sabuwa, Ƙanƙara, in aka ji harbi da dare ba lokacin laluben makulli ba ne, gara remot ɗaya ya buɗe komai. Duk wanda ya taɓa kwana da takalmi a ƙafa ya san mai wannan magana ba iyayi yake ba.

6/ Sai dai remot ƙofa kawai yake buɗewa. Tayar da inji aikin wani ɗan ƙaramin cif ne da ke cikin kan makullin, wanda imobilaiza ke karantawa in ka murɗa. A ƙasashe irin su Jamus da Ingila tun 1998 aka wajabta shi a sabbin motoci. Cif daban, madannan remot daban.

7/ Wato cikin daren nan ka danna, motoci biyu sun buɗe, fitilu sun haska unguwa, wata ma ta yi ƙara. Iyali sun cika mota ta biyu. Makullinta fa? Yana aljihun rigar da aka rataye a ɗaki. Me ka tsira da shi? Ka dai sanar da duk wanda ke waje cewa gidan nan akwai motoci biyu.

8/ In da gaske tsaro ne damuwarka, abin da gida ke buƙata direba na biyu ne da makullin kowace mota a wurin da manyan gida suka sani. Koya wa Mama tuƙi ya fi wannan bidiyon amfani sau dubu.

9/ Mu zo kan ɓacewa. Remot na faɗuwa a masallaci, a kasuwar Sheme, a bayan ɗan acaɓa. Da can in ya ɓace mota ɗaya ce cikin haɗari. Yanzu wanda ya tsinta, in ya san gidanku, ƙofofin motoci biyu ne a hannunsa. Kai da kanka ka yi masa gyara.

10/ Kuma goge ɓataccen remot a jikin motar ake yi, ba a jikin remot ba. Motoci biyu, aiki biyu. Ko ka kai su Funtuwa ɗaya bayan ɗaya, ko ka biya mai wayarin ya biyo ka gida da na'urarsa. Wanda ya san hanyar Funtuwa zuwa Gusau ya san ba hanyar da ake ƙara wa kai sawu a banza ba ce.

11/ Abin da ya fi ɓata min rai shi ne sikiritin kasuwa da ake liƙa wa tsofaffin motoci. Da yawansu lamba ɗaya tak suke turawa kullum, ba ta canzawa. Akwai remot na kwafi mai arha da ake karawa kusa da naka, cikin daƙiƙoƙi ya ɗauke lambar. Kuma irin wannan sikiritin ne ya fi sauƙin haɗawa da motoci biyu. Sauƙin da ya burge ka shi ne dai sauƙin da ɓarawo ke so.

12/ Ƙirga hannun da makullinka ke shiga a wata ɗaya: mai wankin mota, bakanike, yaron da aka aika ya juya ta. Ban ce ɓarayi ba ne, yawancinsu mutanen kirki ne masu neman halak. Amma mutum ɗaya ya isa. Ka kai motar Baba wanki, ka miƙa ƙofar motar Mama da ke gida ba ka sani ba.

13/ "Ai namu orijina ne, lambarsa na canzawa." Madalla, ya fi. Duk dannawa yana tura sabuwar lamba, motar na bin ƙirgen. To Baba ya tafi Kano da mota ɗaya yana ta dannawa, ta gida ba ta ji ba. Akwai iyakar tazarar da take yafewa, in an wuce ta sai an sake daidaita su. Haɗa da ƙaninka da ke wasa da madannan kamar gem.

14/ Kuma orijinan ma ba waliyyi ba ne. A 2015 wani Ba'amurke, Samy Kamkar, ya nuna na'urar RollJam ta kusan dala 30 da ke toshe sigina ta sace lambar da motar ba ta riga ta karɓa ba.

15/ Masu cewa "akwai tiraka", ku tuna Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara. Tirakar da ke aiki da sim, in babu sabis, ado ce.

16/ Akwai kuma maganar da ba a so a yi. Mace ta yi adashe, ta sayar da dabbobinta, ta sayi motarta. Sai wani yaya a gidan ya ce bari a haɗa remot "saboda sauƙi". Sauƙin wa? Daga ranar kowa na iya buɗe motarta ya bincike jakarta. Ta nemi hakan? Wlh a gidaje da yawa ko tambayarta ba a yi.

17/ Abin da nake gaya wa mutanen gidanmu: kowace mota da remot ɗinta da sifiya. In ka sayi ta hannu da remot ɗaya, sa a goge tsofaffin lambobi, don ba ka san wa ke riƙe da ɗayan ba. A tsofaffin Toyota akwai tsarin da ke goge duka ya bar wanda ke hannunka, akwai kuma wanda makullan ƙofa ke bugawa su nuna remot nawa motar ta sani.

18/ Ka tara duk remot ɗin motar kafin a goge, wanda ba ya wurin ya mutu. Kuma ka tsaya a kan mai aikin har ya cire na'urarsa daga ƙarƙashin sitiyari. Ba lokacin zuwa shan shayi ba ne.

19/ Masu shirin rubuta "ni nawa ya shekara ba matsala", bismillah, kwamen a buɗe yake. Amma ku haɗo min da lissafin mutum nawa suka riƙe shi a wajen wanki.