Lissafin Kuɗin Wuta Aikin Maigida Ne

Akwai abin da ke ba ni mamaki game da akawuna da malaman makaranta na Gwandu da Kalgo. Mutum ne wanda ba a cutarsa ko da mudu ɗaya in ya je awon gero, ya san farashin buhun shinkafa a Birnin Kebbi da na Jega, amma in aka miƙo masa takardar kuɗin wuta sai ya karɓa ya yi ta gunaguni, bai san yadda aka yi jimlar ta kai haka ba. Alhali kuwa lissafin nan bai fi ƙarfin ɗan aji shida ba.

Ga yadda abin yake. Kowane kayan lantarki akwai lamba a jikinsa da harafin W, watau wat, ita ke nuna yawan wutar da yake sha. Ka ninka lambar nan da yawan awoyin da ya yi a kunne, ka raba da 1,000. Abin da ya fito shi ne yunit, kuma da yunit kamfani ke sayar da wuta, kamar yadda ake sayar da hatsi da mudu.

A ce gida yana da ƙwan fitila biyar irin na da, mai wat 60, ana kunna su awa shida kowane dare. Yunit 54 ke nan a wata. In aka sauya su da ƙwai na zamani mai wat 9, sai abin ya dawo yunit 8 da ɗan ɗoriya, haske kuwa bai ragu ba. Fanka biyu masu wat 70, awa goma kullum, yunit 42. Wannan ba na ce a rage ba, don duk wanda ya san zafin bazara a ƙasar Gwandu ba zai hana iyalinsa fanka ba.

Inda kuɗi ke zurarewa shi ne abin da ke yin zafi: risho na lantarki, da hitar dafa ruwa, da dutsen guga. Risho mai wat 1,500, in uwargida ta yi girki da shi awa biyu kullum, yunit 90 ne a wata, ya fi fitilun zamani na gidan duka sau goma. Sau da yawa za ka ga maigida yana bin yara da faɗa don sun bar fitilar zaure a kunne, ga hita can a bokiti tun asuba ba wanda ya kula. Ana tsare kwabo, fam yana tafiya.

To, nawa ne yunit ɗin? Ya danganta da rukunin da aka sa layinku. Hukumar NERC, mai kula da farashin wuta a Nijeriya, ta kasa masu shan wuta biyar: rukunin A su ne waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A watan Afrilu 2024 ta ɗaga farashin rukunin A zuwa ₦225 kowane yunit. A farashin nan, rishon da muka ambata shi kaɗai ₦20,250 ne a wata, fiye da rubu'in mafi ƙarancin albashi na ₦70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024. Sauran rukunoni sun fi sauƙi nesa ba kusa ba. Saboda haka kowa ya duba rasidinsa ya ga harafin rukuninsa da farashinsa, kada kuma ya manta da harajin kashi 7.5 cikin ɗari da ake ɗorawa tun 2020.

Wanda yake da mita, lissafi zai nuna masa inda zai rage. Wanda ba shi da ita, ake yi masa ƙiyasi, shi ya fi bukatarsa. Tun 2014 kamfanin Kaduna Electric ya karɓi rabon wuta a jihohin Kaduna da Kebbi da Sakkwato da Zamfara, kuma a Fabrairun 2020 NERC ta sa iyaka ga abin da za a ƙiyasta wa marar mita. Mutumin da ya je ofis da littafi, ya rubuta awoyin da aka kawo wuta kowace rana da kayan da ke gidansa, lalle maganarsa ta fi nauyi bisa ga wanda ya je da ɓacin rai kawai.

A Kalgo, inda Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ta jawo ɗalibai da ma'aikata, akwai wata rigima dabam, ta gidan haya mai mita ɗaya. Aka saba raba kuɗi ɗaki-ɗaki daidai wa daida. Wannan ba adalci ba ne, don ɗalibi mai ƙwai ɗaya da cajin waya yana biya wa mai firiji da risho. A raba bisa ga yunit, kowa ya ɗauki kayansa.

Ina roƙon malaman lissafi su bar misalan da ba su shafi rayuwar yaro ba, su sa kowane ɗan aji shida ya kwafo lambobin da ke jikin kayan gidansu, a yi aikin a allo ranar Litinin.