Littafin Aljihu da Wayar Hannu: Ina Za a Ajiye Dabara?



A watan Maris na 2022, ma'aikatan babban ɗakin karatu na Jami'ar Cambridge da ke Ingila suka tsinci wata jaka ruwan hoda a ƙofar ofishin shugabarsu. Da aka buɗe, sai ga wasu 'yan littattafai biyu na masanin halittu Charles Darwin, waɗanda suka yi ɓatan dabo bayan an fito da su don ɗaukar hoto a shekarar 2000. A ɗaya daga cikinsu ne, a 1837, ya zana wata 'yar bishiya mai rassa, zanen da ya zama mafarin ra'ayinsa game da asalin halittu, ra'ayin da har gobe ake gardama a kansa. Shekara 20 ana zaton kuskuren ajiya aka yi, sai a 2020 aka kai wa 'yan sanda rahoton sata. Wanda ya dawo da su bai bar sunansa ba.

Abin lura shi ne, ɓatan bai hana manazarta karanta su ba, domin hotunan shafukan suna nan a intanet.

Wannan labari ya shafi duk mai sana'ar da ke bukatar tunani: marubuci, ɗan jarida, mai tsara fim, tela mai zana sabon ɗinki, ɗalibi mai haɗa kundin digiri. Dabara ba ta yin sallama. Tana iya faɗo wa mutum yana cikin a-daidaita-sahu ko ya farka cikin dare, idan bai kama ta nan take ba, kafin gari ya waye ta gudu.

Wajen kamawa kam, waya ta yi zarra. Kullum tana aljihu, tana naɗar murya, kuma da kalma guda za a lalubo abin da aka rubuta bara. Illarta ita ce ba ta barin mutum da tunaninsa. Ya buɗe ta da niyyar rubuta layi biyu, sai saƙon WhatsApp ya shigo, kafin ya farga yana kallon bidiyon bikin mutanen da bai ma sani ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Duk wanda ya zuba tunaninsa a manhaja, ajiya ya bayar a gidan wani. A ƙarshen 2023, kamfanin Evernote ya taƙaita wa masu amfani da shi kyauta, ya ce rubutu 50 da littafi guda kawai za su iya ƙirƙira. A 2019, shafin sada zumunta na Myspace ya amsa cewa waƙoƙin da jama'a suka ɗora daga 2003 zuwa 2015 sun salwanta garin sauya ma'ajiya, an kuma ƙiyasta sun kai miliyan 50.

Darasin da ya fi ban mamaki daga Ingila ya sake fitowa. A 1086, Sarki William ya sa aka ƙididdige filaye da dukiyar ƙasar, aka rubuta a fata, aka kira littafin Domesday. Da ya cika shekara 900, a 1986, BBC ta tattara bayanai da hotuna daga mutane kusan miliyan guda, yawancinsu 'yan makaranta, ta zuba a wani faifan zamani. Zuwa 2002, na'urar karanta faifan ta kusa ɓacewa daga duniya, sai da masana daga jami'o'in Leeds da Michigan suka yi aikin ceto. Shi kuwa na fatar yana nan a gidan adana tarihi na Kew, wanda ya iya Latin zai karanta abinsa.

Takarda dai tana da rai. Shafuka kusan 7,000 na Leonardo da Vinci, wanda ya rasu a 1519, sun iso wannan zamani, da zanen injuna da na jikin mutum da rubutunsa mai tafiya daga dama zuwa hagu duk a cakuɗe. A 1994, Bill Gates, mai kamfanin kwamfuta sukutum, ya biya dala miliyan 30.8 ya sayi littafi guda daga ciki mai shafi 72. A ƙasar Hausa ma ba baƙon abu ba ne: malami na da kundinsa a cikin gafaka, inda yake tara fa'idoji da addu'o'i da abin da ya ji daga bakin malamansa. Sai dai duk gidan da aka gaji kundi an san ta'adin gara da ɗigar ɗaki da gobara.

Bincike kuwa bai raba gardamar ba. A 2014, masana Pam Mueller da Daniel Oppenheimer a Amurka sun gano ɗaliban da suka rubuta darasi da hannu sun fi masu kwamfuta amsa tambayoyin da ke bukatar fahimta. Dalilinsu shi ne hannu ba shi da sauri, dole mai alƙalami ya tace magana ya sa ta cikin kalmominsa, mai kwamfuta kuwa kwafe ta yake yi yadda ta fito. Amma da wasu masana suka maimaita gwajin a 2019, bambancin bai fito ƙarara ba. Saboda haka masu cewa kimiyya ta yanke hukunci sun yi gaggawa.

Duk da haka, ra'ayin wannan sharhi ya karkata ga takarda wajen yin tunani, domin a nan ne ake soke layi, a ja kibiya, a yi zane a gefe, ba tare da wani saƙo ya katse mutum ba. Aikin waya shi ne tsaro. Mai karatu, nemi littafi ɗan madaidaici da zai shiga aljihu, sa kwanan wata a kowane shafi, duk ƙarshen mako ka ɗauki hoton abin da ka rubuta, ka tura kwafi wani wuri da ba cikin wayar ba, domin ita ma ana ƙwacewa.