Motar Fulogi Takwas Da Aljihun Mutumin Daura

Jama'a, duk mai shirin sayen mota a bana ya ɗan tsaya ya ji labarin nan tukuna.

A 1964 kamfanin Pontiac na Amurka ya ɗauki ƙaton inji mai fulogi takwas, lita 6.4, ya cusa a matsakaiciyar mota, ya sa mata suna GTO. Samari suka rikice. A shekarar ce Ford ya fito da Mustang, daga baya Dodge ya kawo Charger, wasu da injin Hemi mai lita 7. Zuwa 1970 Chevrolet na sayar da Chevelle mai lita 7.4 da ƙarfin doki 450. Ƙaton kafireto, salansa biyu, in an taka sai unguwa ta amsa. Shan mai kuwa ba a magana, amma wa ya damu? Fetur araha yake.

Sai ga Oktoban 1973. Ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai saboda goyon bayan Isra'ila. Gangar ɗanyen mai ta tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan 12. Dama kuɗin inshora da dokar hayaƙi sun fara shaƙe motocin, wannan ya ƙarasa su. Mustang ta 1974 ta ƙanƙance, ba ta ma da fulogi takwas a Amurka. Bayan 1974 aka dakatar da GTO. Amurkawa da yawa suka koma wa ƙananan motocin Japan, su Corolla da Civic.

To mu tamu 1973 ɗin ta zo ranar 29 ga Mayun 2023, da Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ake saya kusan naira 200 ta haura dubu a 2024. Ka duba gidaje nawa aka lulluɓe jif da tamfol, mai ita na hawa babur zuwa kasuwa. Amma har yanzu mutum na samun kuɗi, burinsa 'yar Kwatano mai fulogi shida ko takwas, don a ce wane ya iso. Malam, daga Daura zuwa Katsina ko Kano, tsere za ka yi da wa? Rabin albashi a tanki, ga kuɗin makarantar yara na jira. Wallahi wannan ba burgewa ba ce, wahala ce.

Na san za a ce babban inji ya fi ƙarko, ya fi jure hanya. Ga mai ɗaukar kaya ko mai shiga ƙauyuka da damina, na yarda. Amma ku tuna Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975: fulogi huɗu ne kacal, kuma babu lungun da ba ta shiga ba.

Abin da ya fi damuna, ga Jami'ar Sufuri ta Tarayya a cikin garinmu. Me zai hana ta buɗe wa kanikawanmu gajerun kwasa-kwasai kan juya mota zuwa gas da gyaran masu haɗa lantarki da fetur? Motar da ke zuwa ke nan, kuma in yaranmu ba su iya ba, Kano za a riƙa kai aikin. Wakilanmu su matsa kan wannan.

Gemun Amurkawa ya kama wuta shekara hamsin da suka wuce. Mu ba mu shafa wa namu ruwa ba, sai yanzu. Mai babbar mota a cikinku ya faɗa mana gaskiya: nawa kake zubawa a sati?

Allah Ya sa mu dace.