Yadda ɗumamar teku ke juya akalar damina a Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa

Tsakanin Kazaure da gaɓar teku mafi kusa akwai tazarar fiye da kilomita 800. Duk da haka, geron da ake shukawa a jigayin Babura da dawar da ake nomawa a gindin duwatsun Roni sun dogara ne da abin da ke faruwa a saman teku. Shi ya sa rahotannin da ke cewa tekunan duniya sun yi zafin da ba a taɓa aunawa ba a 2023 da 2024 suka shafi manomin wannan yanki kai tsaye.

Daga ina hadarin ke tasowa?

Da bazara, ƙasar Sahara kan ɗau zafi sosai, sai ta riƙa jawo iska mai laima daga tekun Atlantika, musamman mashigin Gini da ke kudu da Najeriya. Wannan iskar ce ke kora ta hunturu zuwa arewa.

Daga watan Mayu zuwa Yuli ruwan mashigin kan yi sanyi, wanda hakan ke ƙara wa iskar ƙarfin kutsowa cikin ƙasa. Wajen ƙarshen Yuni ne ruwan sama kan zauna sosai a yankin Sahel. Idan mashigin ya ƙi yin sanyi, hadari kan tsaya ya zube a kudu, manomin Gwiwa kuwa ya yi ta kallon sama.

Hadarin da ke bi ta kanmu daga gabas ba a nan yake ƙarewa ba. Wani kan wuce ta Senegal ya faɗa teku, kuma daga irinsa ne mafi yawan manyan guguwoyin da ke afka wa Amurka ke samo asali.

El Nino da La Nina

Tekun Fasifik ma yana da tasiri duk da nisansa. Idan tsakiyarsa ta ɗumama fiye da yadda aka saba da aƙalla rabin digiri na tsawon watanni, ana kiran yanayin El Nino, kuma yakan rage ruwa a Sahel. Farin 1972 zuwa 1973 da na farkon shekarun 1980, waɗanda dattawan yankin ke tunawa har yau, sun zo ne a kusa da manyan El Nino.

Kishiyarsa ita ce La Nina, wadda kan zo da ruwa mai yawa. Ta yi shekara uku a jere daga 2020, kuma a ciki ne aka yi ambaliyar 2022 da ta kashe mutum fiye da 600 a Najeriya, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki.

Sai dai wannan lissafin bai isa shi kaɗai ba. A 2024 El Nino ya ƙare kafin damina ta kankama, La Nina ba ta kafu ba, amma aka tafka ruwa. A watan Satumba madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri, tsohon masallacin Damagaram, can arewa da Babura, ya rushe. Masana na alaƙanta irin wannan da zafin arewacin Atlantika da na Bahar Rum, waɗanda ke ƙara tura laima zuwa Sahel.

Matsalar ba yawan ruwa ba ce kawai

Abin da ya fi damun manomi shi ne yadda ruwan ke rabuwa. Wani bincike da mujallar Nature ta wallafa a 2017 ya gano cewa manyan hadura masu ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982.

Ma'ana, shekara za ta iya cika ma'auni a takarda amma rumbu ya ƙi cika. Ruwan mako biyu ya sauka a dare ɗaya, ya wanke taki, ya buɗe kwazazzabai a gangaren Roni da Kazaure, ya rusa gidajen ƙasa. Daga nan sai a ɗauke shi kwana 15 ko 20. Ƙasar rairayi irin ta Babura ba ta riƙe danshi, don haka shukar da ta tsiro sai ta ƙone, a koma neman iri da tsada.

Me ya kamata a yi?

A farkon kowace shekara hukumar NiMet na fitar da hasashen damina, inda take bayyana lokacin faɗuwar ruwa da ɗaukewarsa da kuma inda ake fargabar tsayawarsa, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. NIHSA na fitar da nata kan ambaliya. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai ma tana yin na yankin Sahel. Duk waɗannan suna duba zafin teku kafin su yi magana.

Giɓin yana tsakanin Abuja da bakin gona. Hasashen da ya tsaya a takardar Turanci bai amfani mai binne a Gwiwa da komai ba. Ya kamata JARDA da ƙananan hukumomin huɗu su riƙa isar da shi da Hausa ta rediyo da WhatsApp da bakin masu unguwanni tun kafin sharar gona, su kuma riƙa sabunta shi kowane mako.

Manomi kuma kada ya zuba duk irinsa a ruwan farko. Ya ajiye wani kaso, ya haɗa da iri mai saurin nuna kamar geron SOSAT da wake ɗan wuri. A gari kuwa, yashe magudanai aikin watan Mayu ne, ba na lokacin marka ba.

Hasashe ba duba ba ne, kuma ruwa na Allah ne. Amma wanda ya san abin da teku ke ciki tun a Afrilu ya fi wanda zai ji labari a Agusta damar tsira da irinsa.